Yadda ake kula da gashin dada da alobera a yanayin Damagaram

Gashin da ake tajewa, duk abin da aka shafa masa yau, mataji da sabulu za su fitar da shi gobe. Igiyar dada kuwa curarren gashi ce. Abin da ya shige cikinta nan yake zama, ƙura ta tarar da shi ta manne. Wanda ya yi shekara yana shafa basilin, man kaɗe ko kakin murɗa gashi zai ga igiyoyinsa sun yi nauyi, sun yi toka-toka, in ya matsa ɗaya tana jiƙe wani farin abu ya fito.

A nan alobera take da rana. Kusan kashi 99 cikin 100 na farin naman ganyenta ruwa ne, ragowar kuma yawanci wani abu ne mai yauƙi da ke narkewa a ruwa. Tana jiƙa gashi, tana kwantar da ƙaiƙayin fatar kai, tana ɗan riƙe gindin da aka murɗa, sannan wanki ɗaya ya tafi da ita. Tana da ɗan tsami, wajen 4.5 a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kaifi, kusa da na fatar kai da ke wajen 5.5. Sabulun salo da kanwa suna can wajen 9 zuwa sama, shi ya sa suke barin gashi da kaushi. Amma kada a ɗora mata abin da ba ta iya ba: ba ta sa gashi saurin tsawo. Gashin mutum yana ƙaruwa ne kamar santimita 1 a wata, ko ya shafa ko bai shafa ba. Taimakonta shi ne rage bushewa da karyewa, tsawon da aka samu ya tsaya.

Ganyen da ya dace

A nemi ganye mai kauri, wanda in an latsa shi ake jin ya cika, tsawonsa santimita 40 zuwa sama, daga layin waje na shukar da ta kai shekara 2 zuwa 3. Siririn ganye ko wanda ya koma ja-ja, ƙishi ne ko rana ta dake shi, namansa kaɗan ne, ɗacinsa kuma da yawa. Zabuwa ko kabar giwa ta daji dangin alobera ce, amma ba ita ba ce, kada a ɗauka duk ɗaya ne.

Wanda zai daɗe yana wannan aiki gara ya dasa tasa. Tukunya mai huda a ƙasa, rairayi kashi 2, ƙasa mai ruɓaɓɓen taki kashi 1, a ajiye inda hantsi ke samunta amma inuwa ta rufe ta daga azahar. Ban ruwa sau ɗaya a mako ya isa, da damina ma a bari, don yawan ruwa ne ke ruɓar da saiwarta. Gindi 2 ko 3 sun ishi kai ɗaya, ana yankar ganye ɗaya-ɗaya, ba a yi wa shuka aski lokaci guda ba.

Fitar da ruwan da tace shi

Mafi yawan waɗanda suka gwada alobera suka ce ba ta karɓe su ba, a wannan mataki suka yi gaggawa.

1. A yanke ganyen daga can gindi da wuƙa mai tsabta, a tsayar da shi cikin kofi, wurin yankan yana ƙasa, minti 15 zuwa 20. Wani ruwa mai launin ɗorawa da wari zai tsiyaye. Shi ne mai ɗauke da sinadarin aloyin, mai sa ƙaiƙayi da jan fata. A zubar da shi nesa da yara, don in an sha yana sa gudawa.

2. A wanke ganyen, a zare ƙayoyin gefe biyu, a shimfiɗa shi a fere ɓawon sama, sannan a sa cokali a kwashe farin naman. Kada a kankare har jikin koren ɓawo, a nan ragowar ɗacin yake.

3. A ɗauraye naman sau 2 da ruwa mai tsabta.

4. A markaɗa a inji daƙiƙa 20 zuwa 30 ba tare da ƙara ruwa ba. In babu inji ko babu wuta, a yayyanka ƙanana, a ƙulle cikin kyalle mai tsabta, a yi ta murzawa ana matsewa cikin kwano. Na inji yakan yi kumfa, a bar shi minti 15 ya kwanta.

5. A tace sau 2. Na farko da matacin shayi, na biyu da kyalle mai ƙananan ido, kamar tsohon ɗankwali mai laushi ko safar nailan da aka wanke. A tata ta biyu a bar shi ya tsiyaye da kansa, in an matse da ƙarfi tsakin ne zai bi.

Wannan tsaki shi ne matsalar. A jiƙe ba a ganinsa, don garai yake kamar ruwa. Sai ya bushe cikin igiya ya zama ƴan fararen ɓarɓashi, mutum ya ɗauka amosani ne, ya ƙara shafa alobera don maganinsa, abin ya ƙaru. Gwaji mai sauƙi: a ɗiga kaɗan a kan baƙin kyalle a bari ya bushe. In an ga fari-fari, a sake tacewa. Babban ganye ɗaya yakan ba da ƙaramin kofin shayi 2 zuwa 3 na tataccen ruwa.

Kafin a kai shi ka, a shafa kaɗan a bayan kunne ko cikin gwiwar hannu a jira awa 24. In wurin ya yi ja, ya kumbura ko ya yi zafi, fatar mutum ba ta ɗaukar alobera, sai a haƙura da ita gaba ɗaya.

Ajiya

Cikin firigo, a kwalba mai murfi da aka wanke da ruwan zafi, yana kai kwana 5 zuwa 7. Wannan lissafin firigon da bai tsaya ba ne. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma wuta na yawan ɗaukewa, a ɗauka kwana 3 ne. A waje kuwa na yini ɗaya ne kawai. In ya fara komawa ruwan hoda ko ƙasa-ƙasa, ko ya yi warin tsami, a zubar. Mai firiza zai iya daskarar da shi a farantin ƙanƙara, yana ciro ɗaya ko biyu in buƙata ta taso, haka yana yin watanni.

Wanda ba shi da firigo, dabararsa ita ce kada ya fere ganyen duka. Ya yanki faɗin yatsa 3 ko 4 na abin da zai yi aiki da shi, ya bar saura cikin ɓawonsa a wuri mai sanyi, gindin randa misali. Bakin yankan zai bushe ya rufe kansa. In an dawo sai a zare wannan busasshen bakin a yar, a ci gaba.

Ruwan feshi, da yadda yake sauyawa da lokacin shekara

A sayi ƙaramar kwalbar feshi sabuwa, ana samu a Kasuwar Dole, kada a ɗauki wadda ta taɓa ɗaukar maganin sauro ko na goge gilashi. Ruwan haɗi a tafasa shi a bari ya huce. Ma'auni na asali shi ne kofin shayi 1 na alobera, 4 na ruwa. A fesa daga nesa kaɗan har igiyoyin su yi danshi, ba su ɗiga ba, sannan a bi su da hannu ana matsawa a hankali don ruwan ya shiga.

Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, alobera ita kaɗai ba ta isa. Iskar tana da bushewa ƙwarai, cikin ƴan mintoci take kwashe ruwan, ta bar yauƙin ya ƙame a jikin gashi, igiya ta yi tauri fiye da kafin a fesa. Maganinsa mai ne mara nauyi, a bayan feshin nan take: ɗigo 5 zuwa 6 na man riɗi ko man zaitun a tafin hannu, a murza, a bi igiyoyin daga tsakiya zuwa baki. Ruwa da farko, mai daga baya. In aka juya, man zai hana ruwan shiga. Man kwakwa yana daskarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, saboda haka da safiyar hunturu yakan yi fari a cikin gashi, a bar shi sai bazara. Man shanu kuwa, duk da sabon da aka yi da shi a kitso, cikin dada yana zama ya yi ɗoyi. Gilisarin ma a ajiye shi, danƙo yake yi ya kama ƙura.

Zancen ƙura ya sa lokacin feshi yake da muhimmanci. Jiƙaƙƙen gashi in ya fita cikin hazo, laka yake komawa. A fesa a ɗaki, a jira minti 15 zuwa 20 ya sha iska, a rufe kai sannan a fita. Ɗan kabu-kabu da mai aiki a fili gara su mayar da feshin yamma bayan sun dawo, sun karkaɗe kai, amma da sauran lokaci kafin kwanciya. Kullum ko bayan kwana bibbiyu ya isa a wannan lokaci.

Da bazara gumi ne ke damun mutane. A mai da hankali kan fatar kai, feshi kaɗan a tsakanin tsaga, mai kuma sau 2 a mako. Da damina, musamman Agusta, iska na da laima, a ƙara ruwan haɗin ya zama 1 da 5, a fesa sau 2 a mako, a tsallake man in gashin bai nuna bushewa ba.

Sabon dada, wanda bai kai wata 3 ba, bai riga ya kama ba, yawan jiƙa shi yana warware shi, balle in gashin mai santsi ne da laushi. A tsaya ga fatar kai kawai, sau 2 a mako. Yoɗo, wato karkashi, da mata suka saba wanke kai da shi, yana da kyau ga mai tsifa da taza saboda santsin da yake sa wa gashi, amma wannan santsin ne sabon dada ba ya so.

Murɗa gindi

A nan ake amfani da tataccen ruwan tsantsa, ba a sirka ba. A fara da wanke kai, a tsane shi har ya rage danshi kawai. A ware igiya ɗaya, a raba ta da maƙwabtanta in sun fara haɗewa a gindi, a tattaro sabon tohon da ke cikin tsagarta. A lakato alobera kamar girman ƙwayar wake a shafa a kan sabon tohon kaɗai. A murɗa da yatsu sau 2 ko 3 har gashin ya kwanta, sannan a sa igiyar tsakanin tafin hannu biyu a murza zuwa ƙasa, a maƙale gindin da abin maƙale gashi. Duk igiyoyin gefe ɗaya ake murɗa su, kuma gefen da aka bi a wancan karo, in ba haka ba ana warware aikin baya ne. Kai mai igiya 60 zuwa 80 ba zai ci fiye da kofin shayi 1 ba. In ya ci 2, an yi yawa, kuma za a gani a ɓarɓashi bayan kwana biyu.

Kada a cire maƙalan sai gindin ya bushe sarai, don bushewar ce ke riƙe murɗin. Riƙon alobera mai sauƙi ne. Ba za ta ba da wannan tsaga mai sheƙi da jel ɗin kanti ke bayarwa har mako biyu ba, bayan ƴan kwanaki gindin zai ɗan tashi. Mu a ganinmu wannan ciniki ne mai riba, tashin gindi ya fi a tara datti a cikin igiya.

Tsakanin murɗi da murɗi a bar mako 4 zuwa 6. Mai murɗawa duk mako don son tsaf-tsaf, gindin igiyarsa ne ke sirancewa har ta tsinke, gaban goshi kuma ya fara ja da baya. In ana jin zafi, ko ƙananan ƙuraje sun fito a bakin tsaga, ko fatar ta ɗaga tana sheƙi, an matse da yawa, a sassauta a ranar. Saiwar gashin da aka daɗe ana ja tana iya mutuwa, kuma babu alobera da za ta dawo da ita. Masu gyara da allurar kuroshe, wato allurar saƙa mai ƙugiya, su yi aikinsu a kan busasshen gashi mai tsabta, feshin ya biyo baya, don jiƙaƙƙen sili yana miƙewa ya tsinke a bakin allura.

Ƙaiƙayi da amosani

Kafin wanki, a ɗauki babban cokali 2 zuwa 3 na tsantsar ruwan, a bi tsaga-tsaga da tsokar yatsa, ba da farce ba, ana shafawa a fatar kai. A rufe da leda minti 20 zuwa 30 don kada ya bushe, sannan a wanke. Kada a kwana da shi. Wani gwaji da aka wallafa a 1999 ya nuna man da aka haɗa da alobera ya rage ɓarɓashi da ƙaiƙayi ga masu amosani mai maiƙo. In an yi haka sau ɗaya a mako har wata guda babu sauƙi, a nemi shamfu mai ketokonazol a farmasi. In kuwa gashi na zubewa a zagaye, wurin ya yi fari yana ɓarewa, ko akwai ƙuraje masu ruwa, wannan makero ne ko wani ciwon fata, na likita ne, kuma makeron kai sai da maganin sha. Kwarkwata ma alobera ba ta kashe ta.

Wanki da ruwa kaɗan

Zancen ruwa a Zinder, wato Damagaram, ba sai an faɗa wa kowa ba. A unguwannin da famfo ke kwanaki bai kawo ba, ana jiran ƴan garuwa, dole a yi lissafi. Kai mai igiyoyi zuwa kafaɗa yana buƙatar kamar lita 10 zuwa 12, kusan rabin bido, wato jarkar ruwa. Lita 2 na jiƙawa, saura duk na ɗauraya ne. A sirka shamfu mai garai, wanda ba shi da kirim, kashi 1 da ruwa kashi 4 a cikin gora, a zuba a fatar kai a cuɗa, kumfar da ta gangaro ta ishi igiyoyin. A ɗauraye da moɗa kaɗan-kaɗan, ana matse igiyoyin bayan kowace zubawa, ya fi a kwara ruwa da yawa lokaci ɗaya. Ruwan ƙarshe da ke fita daga matsa ya zama garai, babu kumfa, babu santsi. Ranar da ruwan bai isa ɗauraya ba, kada a shafa alobera tsantsa, kada ma a sa sabulu, a jira.

Mai son sabulun salo ya jiƙa shi ya narke, ya tace, kada ya goga dunƙulen a kai. Bayan haka ya ɗauraye da lita 1 na ruwa da aka zuba wa babban cokali 2 na binegar, don kashe kaifin sabulun. Wanki duk mako 1 zuwa 2 ya wadatar.

Busarwa

Igiyar dada kamar soso take, wajenta zai bushe alhali cikinta na riƙe da ruwa. Iskar Damagaram tana busar da saman cikin rabin awa, mutum ya ɗaura ɗankwali, ya sa hula ko ya naɗa rawani, danshin ciki ya rasa mafita. In aka maimaita haka, funfuna ke kamawa a tsakiyar igiya, a riƙa jin warin tsumman da aka bari a jiƙe duk lokacin da ruwa ya taɓa kan. Alobera da aka bari cikin irin wannan danshi abinci ce ga funfunar.

Saboda haka wanki na safe ne. A matse igiyoyin ƙulli-ƙulli daga gindi zuwa baki, a naɗe da tsohuwar riga ta auduga minti 10, a sake da wata busasshiya. Tawul mai gashi-gashi yana barin zare a cikin dada, kuma zaren ba ya fita. A bar kai a buɗe a inuwa mai iska ko gaban fanka. Sirara sukan ɗauki awa 2 zuwa 3, masu kauri su kai 6, da damina ma fiye. Gwajin shi ne a kama mafi kauri a ƙeya a matsa tsakiyarta da ƙarfi. In an ji sanyi a yatsu, da saura.

Wankan ibada yana sa a jiƙa kai a ranar da ba ta wanki ba, wani lokaci da asuba. Alobera ba ta hana ruwa kaiwa ga fata, tunda narkewa take yi, saɓanin kaki da basilin. A irin wannan rana a tsallake feshi, a matse sosai, a bar kai ya sha iska a cikin gida gwargwadon hali. Mai sa hijabi ta zaɓi siririn ɗankwalin auduga, ta kwance igiyoyin da zarar ta dawo ɗaki. Da dare kuma a rufe busasshen kai da kyalle mai santsi, don kada zaren matashi da bargo su shige.

Na kanti, da cire tsohon datti

In ganye bai samu ba, na kwalba zai iya tsayawa, amma a karanta bayansa. Aloe barbadensis, sunan alobera na kimiyya, ya kamata ya zo na farko ko na biyu a jerin kayan haɗi. Kore shar ɗin nan kala ce aka zuba, ruwan alobera na gaske ba shi da launi. In alcool ko alcohol denat na sahun gaba, zai busar da gashi. In akwai carbomer, shi ne mai ba shi kauri, kuma shi ne ke murmushewa ya yi fari a gindi. Mai ruwa-ruwa ya fi mai kauri dacewa da dada.

Wanda igiyoyinsa suka riga suka cika da tsohon mai da kaki, alobera ba za ta shiga ba sai an share mata hanya. A zuba lita 4 na ruwa mai ɗumi a roba, a narkar da babban cokali 3 na bikarbonat, a kwanta a tsoma igiyoyin minti 15, ana matsa su a cikin ruwan. Ruwan zai yi duhu. A ɗauraye, a bi da ruwan binegar kamar yadda aka faɗa a sama, a bar shi minti 3, a sake ɗauraya da ruwa zalla, a busar sarai. Kada a musanya bikarbonat da kanwa don ita ce a kusa da hannu, ta fi shi kaifi, tana cin gashi. Wannan jiƙo sau 2 zuwa 3 a shekara ne, ɗaya daga ciki a ƙarshen hunturu lokacin da ƙura ta gama taruwa. Warin funfuna ma haka ake masa, in an maimaita sau 2 tsakanin mako biyu bai tafi ba, a tsaga igiya ɗaya daga cikin masu warin a duba cikinta, inda ya ruɓe sai almakashi. Washegarin jiƙon gashi zai yi kaushi, sai a fara feshin 1 da 4, a bi da ɗigon man riɗi.